Kason da Tabawa Ta Zubar

A can zamanin da, tun giwa ce ke fasa hanya mutum ya bi sawunta, akwai wani daji mai duhun itatuwa da mafarauta ke kira Fadamar Kyarma. Daji ne mai albarka. Ruwansa ba ya ƙafewa ko rani ya kai rani, ɓauna da gwanki da gada kuwa sun yi yawa har sukan tsaya su ƙare wa mutum kallo ba su gudu ba. Abu guda ne ya hana kowa zama a cikinsa. Da damina ta kankama, sauro ya tashi, sai masassara ta sauka a kan duk wanda ya kwana a wurin. Takan kama ƙato ta girgiza shi har haƙoransa su riƙa haɗuwa, kuma daga nan fadamar ta samo sunanta. Don haka mafarauta kan shiga da rani, su yi kisa, su kyafe namansu, su fice tun hadari bai haɗu ba.

Mutum na farko da ya ce shi a nan zai yi damina shi ne Ranau, wani maharbi da yunwa ta koro daga arewa tare da jama'arsa, maza da mata da tsofaffi. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa. An ce yakan bi sawun ɓauna a kan dutse kamar yadda wani ke bin sawun akuya a cikin laka, kuma kibiyarsa ba ta taɓa dawowa kwari ba tare da ta sha jini ba. Ga kirarinsa:

Ranau na Tabawa, gagara ƙaya,
mai kwana inda ɓauna ta tashi,
ka shiga daji, daji ya yi shiru.

Tabawar nan da ke cikin kirarin yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta yaye shi, ita ce kuma mutum ɗaya tak a duniya da ke iya kiran sunansa gatsal ya amsa. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, mijinta ya daɗe da mutuwa. Ita ce ungozomar jama'ar, duk yaron da ke gudu a sansanin a hannunta ya faɗo. Masu ba da labari sun fi son su daɗe a kan Ranau, domin baka da kibiya sun fi daɗin faɗa. Amma garin da ya fito daga wannan sansani ba sunansa yake amsawa ba.

Suka kafa bukkoki a bakin fadama, suka kewaye su da shingen ƙaya. Daminar farko masassara ta yi musu mugun kamu. Sansanin ya zama ba mai ɗebo wa wani ruwa, aka binne mutane da dama. Ranau kansa jiki na rawa ya ɗauki bakansa ya fita, ya ce gara ya faɗi a kan sawun nama da ya mutu a kan tabarma. Ya bi sawun giwaye har wani tudu a hayin fadama, inda wani ƙaton maɗaci ke tsaye shi kaɗai, ya fi duk itatuwan dajin tsawo. Nan ya ga giwaye na sa haure suna ɓamɓaro ɓawonsa suna taunawa. Da suka wuce ya matsa, ya ɗauki guntun da suka yar, ya tauna. Ɗacin ya kai masa har ƙeya. Ya jingina da itacen, gumi ya karyo masa kamar an kwara masa ruwa, kafin rana ta karkata ya miƙe da ƙafarsa. Ya cika burgamensa da sassaƙen ya koma sansani, aka dafa a babbar tukunya, aka sha, mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

To, a nan ne aka yi kuskuren, kuma kuskure ne irin wanda mafarauci kaɗai zai yi.

Wajen mafarauta babu abin da ya kai kaso girma. In an kashe nama, ba a taɓa shi sai an raba bisa ƙa'ida. Wanda ya fara fitar da jini yana da rabonsa, shugaba yana da cinya, dattijo yana da wurin da ya fi kitse. Da girman kaso ake gane girman mutum. Mace mai ciki kuwa kaso biyu take da shi, nata da na baƙon da ke tafe, kuma wannan ita ce al'adarsu mafi kyau, wadda suke alfahari da ita a gaban kowace jama'a. Dokar da ke tsare da kaso mai tsauri ce. In an ambaci sunan mutum a kan kasonsa, ba a mayar da shi, ba a ba wa wani. Wanda duk ya zubar da kason wani ya ci amanar jama'a, sai ya fita daga shinge, kuma ba ya sake shigowa har abada.

Da jiƙon maɗaci ya zo, su dai ba su ga bambancinsa da nama ba. Daga daji ya fito, maharbi ne ya kawo shi, saboda haka suka raba shi yadda suka iya. Manya suka sami manyan ƙore. Wani dattijo mai suna Bizo, don girmamawa, aka riƙa ba shi gindin tukunya inda ya fi kauri, har ya kwanta yana amai, idonsa ya yi ɗorawa, aka ce tsufa ne. Samari suka mai da shan ɗaci gasa, wanda ya yamutsa fuska a yi masa dariya. Mata masu ciki kuwa aka cika musu ƙwarya biyu. Ba a ma jira masassara ta kama su ba, da ruwan farko ya sauka ake fara ba su, don a riga cutar.

Damina ta bi damina, masassara ta rage kisa, sansanin ya yi ƙarfi. Amma wani abu ya shigo a maimakonta. Macen da ta haihu da rani takan tsira da ɗanta. Wadda damina ta riska da ciki kuwa, da wuya ta kai shi. Mutane suka ce ai fadama ce ke karɓar ladan zama, suka yanka baƙin bunsuru a bakin ruwa, suka yanka jan zakara, ba abin da ya sauya. Sai suka ƙara wa matan kaso, wai ko ƙarfin maganin ne bai isa ba.

Duk wannan a hannun Tabawa yake ƙarewa. Ita ake kira in mara ta murɗa, ita ke naɗe abin da ya fito a tsumma ta kai bayan bukkoki ta haƙa rami. Ta haƙa ramukan nan har ta daina kuka, sai wani baƙin ciki mai nauyi ya zauna mata a ƙirji. Da yake ita ce kullum a wurin, ta fara lura da yadda abin ke jeruwa. Yau a sha ƙwarya, gobe ko jibi a aiko a kira ta. Ta ajiye wannan a ranta ba ta faɗa wa kowa ba, domin ta san masassarar ma da kanta tana zubar da ciki, ba ta so ta ɗora wa magani laifin cuta.

Sai wata shekara wata mata ta kai cikinta har kaka ta haihu lafiya, duk da ta yi damina da shi. Mata suka yi ta mamaki. Tabawa tana yi mata wankan jego sai matar ta riƙe hannunta, ta roƙe ta da ta rufa mata asiri. Ta ce ita fa raguwa ce, ba ta iya haɗiye ɗacin nan, duk ƙwaryar da aka ba ta sai ta faki ido ta tuttular a ramin gara. Ta ce tun daga lokacin take cikin tsoron kada a gane a kore ta. Tabawa ta ci gaba da yi mata wankan kamar ba ta ji ba.

Washegari da sassafe ta ɗauki sandarta ta fita daga shinge ita kaɗai, ta ƙetare fadama, ruwa har ƙugu, ta hau tudun maɗaci ta zauna a cikin ciyawa. Ta ce tun da daga giwaye aka koyo maganin, to wajen giwaye za a koyo sauransa, domin ƙanenta rabin karatun ya tsaya ya gani, masassara na kaɗa shi. Ta yi ta zuwa har ranar da garken ya zo. A gabansa akwai wata tsohuwar giwa mai haure ɗaya. Tabawa ta ga manya sun ɓamɓari kaɗan, ƙanana sun tsinci ɗan abin da ya faɗo. Ta ga gefe guda kawai suke taɓawa, ba sa zagaye itacen. Can sai wata giwa mai tsohon ciki ta matso ta miƙa hannu. Tsohuwar ta sha gabanta, ta sa kafaɗa ta tura ta baya. Mai cikin ta sake matsowa, tsohuwar ta sake tura ta, har ta haƙura ta koma cin ciyawa. Da za su tafi, tsohuwar ta ɗebo laka da hannunta ta yaɓa a kan raunin itacen. Sa'an nan ta juyo ta dubi inda Tabawa ke ɓoye, ta daɗe tana dubanta. Waɗansu sun ce har magana ta yi mata. Tabawa dai ba ta taɓa cewa haka ba, ta ce kallon ya ishe ta.

A wannan shekarar Delu matar Ranau ta sami ciki. Ba shi ne na farko ba, kuma na baya duk a bayan bukkoki suke kwance. Ranau yana son matar nan so mai tsanani, ba shi da ɗa ko ɗaya a raye, ga furfura ta fara fito masa a gemu. Ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa bana shi da hannunsa zai sassaƙo, shi zai dafa, shi zai ba ta, kuma ba wata mace da aka taɓa cika wa ƙwarya kamar yadda zai cika mata.

Tabawa ta same shi yana gyaran tsarkiyar bakansa, ta zauna ta faɗa masa duk abin da ta gani, sai sunan matar nan kawai ta ɓoye. Ya saurare ta har ta gama, don yayarsa ce. Sa'an nan ya ce giwa ba ta san kaso ba, dabba ce, abin da ta ga dama take yi. Ya tuna mata daminar farko da mutanen da suka binne. Ya ce shi ya ga abin da masassara ke yi wa mai ƙarfi, balle mai ciki, kuma ba zai zama mutum na farko a zuriyarsu da ya tauye wa matarsa kaso ba.

"Yaya," ya ce, "in kin yi kuskure fa? In na hana ta, masassara ta ɗauke mini su duka biyun?"

Tabawa ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ba ta da tabbas, amma hanyarsa an bi ta shekara da shekaru, kuma ita ce ta san inda take ɓullewa. Ya tashi ya bar ta zaune.

Ruwan farko ya sauka. Da hantsi aka ɗora babbar tukunya a tsakar sansani, jama'a suka taru, aka fara kiran suna. Da aka zo kan Delu, Ranau ya cika ƙwarya da jiƙo mai kauri, ja wur, ya ambaci sunanta da na baƙon da ke tafe, ya ɗora mata a hannu. Mata suka yi guɗa. Delu ta kai ƙwaryar kusa da baki, idonta na kan ruwan, ba ta ɗago ba.

Tabawa ta taso daga cikin tsofaffi, ta ratsa fili ba sauri, ta karɓe ƙwaryar daga hannun Delu, ta aza a ka. Ta nufi ƙofar shinge ta fita. Ba wanda ya iya tare ta, don ba wanda ya san abin da za ta yi, sai suka bi ta, maza da mata, har Ranau. Ta ƙetare fadama ƙwaryar na kanta ko ɗigo bai zuba ba, ta hau tudu, ta durƙusa a gindin maɗaci, ta tsiyaye jiƙon a kan saiwarsa har ya ƙare, ta kife ƙwaryar.

"Na mayar wa mai shi," ta ce.

Ranau ya zo ya tsaya a kanta. Da wani ne ya yi haka da tuni hannunsa ya kai ga kwari. Ya tambaye ta ko ta san doka. Ta ce ta san ta tun shi bai iya share hancinsa ba. Dattawa suka sunkuyar da kai, domin babu wanda bai ci tuwon Tabawa ba a cikinsu, amma doka doka ce. Ranau da bakinsa ya yanke hukuncin, ya ce daga yau ƙafarta ba ta sake taka cikin shinge. Ta ce ta ji. Ta ce abu ɗaya take nema, a bar mata gatari da tukunya.

Jama'a suka juya za su koma. Delu ba ta juya ba. Ta zo ta zauna kusa da Tabawa a gindin itacen, ta ce wa mijinta ita ba ta zubar da kason kowa ba, ba doka a kanta, kuma ba a taɓa hana mai ciki zama wajen ungozomarta ba. Ranau ya dube su su biyu, ya bi mutanensa.

Tabawa ta sare itace ta kafa bukka a kan tudun, inda iska ke kaɗawa, ruwa ba ya kwanciya. Ta tara ɗoɗɗoya tana turara bukkar da ita safe da yamma don sauro. Ta haƙa rogon daji, ta ɗana wa zabi tarko, ta tsinko tsamiya. Ranau bai zo ba, amma lokaci lokaci sukan tashi su tarar da cinyar gada rataye a reshe, ba wanda ya tambayi wanda ya rataye ta. Damina ta yi nisa, cikin Delu ya fito sosai, ya wuce inda na baya suke tsayawa. Wasu mata masu ciki suka ji labari, suka fara sulalowa daga sansani suna zuwa tudu, har bukka ta zama bukkoki.

Ba duka ne suka tsira ba. Ɗaya daga cikinsu masassara ta kama ta da ƙarfi, cikin ya zube duk da ba ta sha komai ba. Tabawa ta haƙa ramin da hannunta, kuma ba ta ɓoye ba, ta aika aka faɗa a sansani. Can kuwa aka yi ta magana, aka ce ga shi nan, tsohuwa ta ruɗe, tana wasa da rayukan 'ya'yan mutane. Maganar ta dawo mata, ta ci mata rai ƙwarai, ta yini ba ta ci abinci ba. Amma da yamma ta tashi ta turara bukkoki kamar kullum.

Ana tsakiyar marka masassara ta kama Delu. Ta kama ta da gaske. Jikinta ya yi zafi kamar dutsen da ya sha rana, sa'an nan sanyi ya rufe ta har gadon kara yana motsi. Tabawa ta jiƙa zane tana shafe ta, ta dama kunun tsamiya tana ɗura mata kaɗan kaɗan, ta yi mata romon zabo, in ta amayar ta sake ba ta. Ita kanta tsohuwar zazzaɓin ya fara taɓa ta. Tana zaune tana fifita, ga maɗaci a kanta, ga gatari a jingine, ta san taku kaɗan ne tsakaninta da abin da zai iya saukar da zafin nan. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tuna tambayar ƙanenta, ba ta da amsarta har yanzu. Sai ta ɗora tafin hannu a kan cikin Delu, ta ji abin da ke ciki ya harba, ta janye idonta daga kan gatarin.

Da rana tsaka Ranau ya hauro tudun da ƙwarya a hannu. Ya rame, idonsa ya faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa a ƙofar bukka, shi da bai taɓa durƙusa wa kowa ba, ya roƙi yayarsa don darajar uwar da ta haife su ta bari a ba ta ko kurɓi ɗaya. Tabawa ta ce ita ta zubar da ƙwarya ɗaya, ta biya, ba za ta zubar da ta biyu ba. Ta ce cikin na Delu ne, ran ma nata ne, ya tambaye ta.

Delu ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi ƙwaryar, ta dubi mijinta.

"Maigida, na sha a baya, duk wadda ka ba ni na shanye," ta ce. "Ka san inda suke kwance. Wannan yana motsi. Ka bar ni in bi ta Yaya, in mutuwa ce ma in mutu da shi a jikina."

Ranau ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannu. Tabawa ta jawo ƙwaryar, ta ɗauki ɗan ƙaramin ludayin da take dama kunu, ta ɗebi ɗaya, ta ƙara masa ruwa, ta sha a gabansa. Ta ce ita ba ta da ciki, kuma zazzaɓi na jikinta, ita maganin yake wa amfani, kuma wannan ɗan abin ya ishi tsohuwa irinta. Ta ce ba ta taɓa cewa itacen mugu ba ne, shi ya ceci jama'arsu, su ne suka mai da shi nama. Ta miƙa masa sauran. Ranau ya daɗe yana kallon ruwan. Sa'an nan ya tashi ya je gindin maɗaci da kansa ya tsiyaye shi. Babu wanda ya gani sai Tabawa da Delu, kuma ba wanda ya faɗa sai bayan mutuwarsa.

Zazzaɓin ya ja kwanaki yana sauka yana tashi, daga baya ya saki Delu, ya bar ta ƙashi da fata, amma cikin yana nan. Ruwa ya fara ɗaukewa, ciyawa ta fara ja. Wata safiya mafarauta suna bakin fadama suna shirin fita sai suka ji kukan jariri daga kan tudu. An ce tsuntsayen da ke kan maɗacin duk sun tashi a lokaci guda, kuma daga can cikin daji giwa ta amsa. Mace aka haifa, aka sa mata Kyauta. Kafin wata ya mutu, sauran matan tudun ma suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kuka ya haɗu da kuka, irin abin da jama'ar ba su taɓa ji a ƙarshen damina ba tun zuwansu.

Sai dattawa suka shiga uku. Kowa ya ga gaskiya, kowa yana so a dawo da Tabawa, amma wanda aka fitar daga shinge ba ya dawowa, kuma in suka karya wannan dokar yau, gobe ba wanda zai tsare kason wani. Suka zauna suka tashi, suka sake zama. Bizo, wanda ya warke tun da ya daina shan gindin tukunya, ya fi kowa surutu, amma bai kawo mafita ba. Aka aika a ji ta bakin Tabawa. Ta ce ita ma ba za ta yarda a karya dokar saboda ita ba, ta zubar da kason wani, hukuncin daidai ne, su bar ta inda take.

Da Ranau ya ji amsar nan sai ya miƙe. Ya je ƙofar sansani, ya rungumi babbar dirkar da ke riƙe da shingen, ya girgiza ta har ta tumɓuke, ya saɓa a kafaɗa. Ya shiga fadama da ita. Jama'a suka tsaya suna kallo, can sai wani ya tumɓuke ta kusa da shi, wani ma ya bi. Mata suka kwance jinka, suka ɗauki tukwane da turame. Tabawa tana zaune a gindin maɗaci da jaririya a cinya ta hango su jere cikin ruwa, kowa da kayansa a ka. Ranau ya iso ya kafa dirkar a gefen bukkarta, ya tsaya yana haki.

"Ba za ki koma ba, Yaya, na sani," ya ce. "Mu ne muka zo."

Tsohuwar da ta daina kuka tun shekarun ramuka, ranar ta yi kuka har ta jiƙa zanen goyo.

Haka aka kafa garin da ake kira Maɗacin Tabawa. Ita ta shimfiɗa ƙa'idar maganin, kuma ba ta da yawa. Nama a raba shi da girman mutum, magani kuwa da ƙarfin jikinsa, da ɗan ludayi, kuma sai ga wanda ciwo ya kama. Ba a ba dattijo gindin tukunya. Mai sassaƙa gefe ɗaya yake taɓawa, ba ya zagaye itacen don kada ya kashe shi, in ya gama ya yaɓe wurin da laka. Ta rayu har ta karɓi haihuwar 'ya'yan Kyauta, aka binne ta a gabashin itacen. Matan garin suna yi mata kirari in suna daka:

Tabawa uwar ɗaci, gajeriya mai tsayin magana,
kin hana ɗa abin da yake kuka a kai,
kin zubar da ƙwarya, kin cika gari.

Abu ɗaya ne mafarautan suka ƙi yarda a taɓa, wato kason mai ciki. Suka ce kaso biyu take da shi tun kaka da kakanni, ba za a rage mata ko ɗigo ba. Tabawa ta ce ba ta hana ba, a auna mata. Shi ya sa har yau, in ruwan farko ya sauka a garin, duk mutumin da matarsa ke da ciki yakan auna ludayi biyu na jiƙon maɗaci a sabuwar ƙwarya, ya ambaci sunanta da na baƙon da ke tafe, ya ɗora mata a hannu. Ita kuma ta riƙe, ta mayar masa. Sai ya aza a ka, komai girmansa, ya ratsa gari yara na binsa suna tsokana, ya je gindin tsohon itacen ya durƙusa ya tsiyaye. Tsofaffin matan da ke zaune a inuwar sukan leƙa su tabbatar bai rage komai ba, sa'an nan su ce masa ya tashi, Tabawa ta karɓa.